Jikan Makiyayi: Yaƙin da ke Ƙarƙashin Rigar Kuroshiya

Kamar yadda aka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta isarsu sauraron murya, da irinmu na ƙauye da sai an hau tudu kafin sabis ya kawo. Daga Garbadu nake gaishe ku, ƙasar Talata Mafara.

Yau ƙwallo za mu taɓa, amma 'yan Madrid da 'yan Barsa kowa ya mayar da wuƙarsa kube, ba gardamar gidan kallo ba ce. Akwai wani rubutu da ya daɗe yana yawo a Facebook da WhatsApp, na san yawancinku kun ci karo da shi. Hoton Luka Modric ne riƙe da kyautar Ballon d'Or, a ƙasa an rubuta cewa an kashe kakansa yana ɗan shekara shida, an ƙone gidansu, ya tashi a gudun hijira, ga shi yau ya zama gwarzon duniya, saboda haka kai ma kada ka karaya. Duk abin da aka faɗa a ciki gaskiya ne. Sai dai an ba mu tsoka ne aka ɓoye ƙashi. Wa ya kashe tsohon? Me ya haɗa su? Su kuma ƙabilar da aka ce mutanenta suka kashe shi, me ya sami 'ya'yansu bayan shekara huɗu? Mu da muke zaune tsakanin Mafara, Bakura da Maradun, ina ganin mun fi kowa buƙatar jin ragowar.

Kuroshiya ƙaramar ƙasa ce a bakin teku, tana kallon Italiya daga gabas. A ƙidayar 2021 mutanenta ba su cika miliyan huɗu ba, ke nan Zamfara ta yau ta fi ta yawan jama'a. Amma ta zo ta uku a kofin duniya na 1998, ta biyu a 2018, ta sake zuwa ta uku a 2022. Da yawanmu mun fara saninta da kyau ne ranar 16 ga Yuni 2018, washegarin ƙaramar Sallah, lokacin da ta ci Super Eagles biyu da nema a Rasha. Etebo ya ci gida, Modric ya ƙara da fenareti, aka watse daga gidajen kallo da kayan Sallah ba mai yi wa wani magana.

To kafin 1991 babu ƙasa mai cin gashin kanta da ake kira Kuroshiya a taswira. Yanki ce a cikin Yugoslabiya, tarayyar jamhuriya shida: Sabiya, Kuroshiya, Bosniya, Sulobeniya, Masedoniya da Montenegro. Abin da zai ba ku mamaki, Sabiyawa da Kuroshiyawa da Musulmin Bosniya kusan harshe ɗaya suke yi. Bambancin bai wuce na Basakkwace da Bakano ba, kowa na jin kowa. Addini da tarihi suka raba su. Kuroshiyawa 'yan Katolika ne, sun daɗe ƙarƙashin daular Austriya da Hangari. Sabiyawa 'yan cocin Orthodox ne, sun daɗe ƙarƙashin Turkawa. Musulmin Bosniya kuma kakanninsu sun musulunta ne zamanin daular Usmaniyya ta Turkiyya. Suna auren juna, suna cin kasuwa ɗaya, ƙauye na jikin ƙauye.

Babban miki ya samo asali daga yaƙin duniya na biyu. A Afrilu 1941 Jamus ta Hitler da Italiya suka mamaye Yugoslabiya, suka kafa gwamnatin 'yan amshin shata a Kuroshiya ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Ustasha, shugabanta Ante Pavelic. Waɗannan mutane sun yi ɓarna mai ban tsoro. A sansanin Jasenovac kaɗai an kashe mutum wajen dubu tamanin zuwa dubu ɗari, yawanci Sabiyawa, sai Yahudawa, da 'yan ƙabilar Roma, da Kuroshiyawan da suka ƙi bin su. A ɗaya gefen, mayaƙan Sabiyawa da ake kira Chetnik su ma sun karkashe ƙauyawan Kuroshiya da Musulmi. Da yaƙi ya ƙare a Mayu 1945, dakarun Tito da suka yi nasara suka kashe dubun dubatar sojoji da fararen hula na ɓangaren Ustasha da suka miƙa wuya a kan iyakar Austriya. Kun ga kowane gida ya fito da gawarsa a ka.

Ƙwallo ma ta shiga wannan yaƙin. Kulob ɗin Hajduk na birnin Split ya ƙi buga gasar Italiya lokacin da Italiya ke riƙe da garin. A 1944 'yan wasansa suka tsallaka tsibirin Vis suka haɗe da mayaƙan Tito, suka riƙa buga wasa da sunan rundunar 'yanci, har suka kara da sojojin Birtaniya a garin Bari na Italiya. A Zagreb kuwa, manyan kulob ɗin da suka ci gaba da wasa a zamanin Ustasha, 'yan gurguzu suka rushe su a 1945, suka kafa sabo suka sa masa suna Dinamo. Ku riƙe sunan nan, zai dawo.

Tito, wanda ubansa Bakuroshiye ne uwarsa 'yar Sulobeniya, ya riƙe ƙasar shekara talatin da biyar da hannun ƙarfe. Dabararsa ita ce a rufe zancen abin da ya wuce. Wanda ya tono maganar ƙabila, kurkuku. Ba a zauna an ce wane ya kashe wane ba, ba a nemi gafara ba, an dai lulluɓe miki da riga mai kyau. Kuma rigar ta yi kyau ɗin, don Yugoslabiya ta yi suna a duniya, har mu nan ta taɓa mu. Kocin da ya horar da Green Eagles a tsakiyar shekarun 1970, wanda dattawa ke kira Father Tiko, ɗan Yugoslabiya ne. Wuri ɗaya da mutum zai iya ɗaga murya ya nuna shi ɗan ina ne ba tare da an kama shi ba, shi ne filin ƙwallo. Dinamo da Hajduk na Kuroshiyawa, Red Star da Partizan na Belgrade.

Ranar 4 ga Mayu 1980 ana cikin wasa tsakanin Hajduk da Red Star a Split, kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka sanar da mutuwar Tito. Aka tsayar da wasa, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka jeru suna kuka, 'yan kallo na rera masa waƙa. Ni kullum idan na ga wannan kwanan wata sai gida ya faɗo mini a rai, domin kwanaki kaɗan kafin nan, a ƙarshen Afrilu 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu a madatsar ruwan Bakolori. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Tambayi matashin Mafara ko Maradun yau, da wuya ya ba ka labarin da ya wuce jimla biyu. Mu ma mun iya lulluɓe miki.

Bayan Tito tattalin arziki ya rushe, bashi ya yi katutu, kuɗi ya zama takarda, matasa ba aiki. A daidai lokacin kuma ƙasar ta haifi 'yan ƙwallon da ba ta taɓa samun irinsu ba. A 1987 matasanta suka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara ashirin a Chile, gasar da Flying Eagles ɗinmu suka fita tun zagayen farko. A tawagar akwai Boban, Suker, Prosinecki, Jarni, Stimac, da Mijatovic, wanda 'yan Madrid ba za su manta da ƙwallonsa ta 1998 ba. Yara ne da suka kwana ɗaki ɗaya. Shekara huɗu bayan nan ƙasashensu na harbin juna.

'Yan siyasa biyu ne suka hau wannan guguwa. A Sabiya, Slobodan Milosevic. A Kuroshiya, Franjo Tudjman, tsohon janar a sojan Tito wanda ya koma ɗan kishin ƙabila har aka ɗaure shi sau biyu. Wani abin dariya, Tudjman ɗin nan ya taɓa shugabantar Partizan ta Belgrade a ƙarshen shekarun 1950, don haka ya san abin da filin ƙwallo ke iya yi wa ɗan siyasa. Jam'iyyarsa ta HDZ ta ci zaɓen Kuroshiya a farkon Mayu 1990. Mako guda bayan nan, ranar 13 ga Mayu, Red Star ta zo Zagreb buga wasa da Dinamo a filin Maksimir.

Magoya bayan Red Star kusan dubu uku suka zo, ana kiransu Delije. Jagoransu wani tsohon ɗan fashi ne da 'yan sandan Turai suka daɗe suna nema, Zeljko Raznatovic, wanda aka fi sani da Arkan. Tun kafin a take leda suka fara ɓalle kujeru da allunan talla suna jifan mutanen gari. Magoya bayan Dinamo, Bad Blue Boys, suka ga 'yan sanda sun tsaya kallo, kuma dama ana yi wa rundunar kallon ta Sabiyawa, sai suka karya shinge suka kwararo cikin fili. Nan 'yan sanda suka far musu da kulake. Kyaftin ɗin Dinamo, Zvonimir Boban, ɗan shekara ashirin da ɗaya, ya ga ana dukan wani mai goyon bayansu, ya sheƙo da gudu ya yi tsalle ya tokari ɗan sandan. Kyamara ta ɗauka. Ba a buga wasan ba, mutane da dama suka jikkata, aka dakatar da Boban wata shida, ya rasa kofin duniya na Italiya.

A Kuroshiya wannan shurin ya zama kamar tuta. A gaban filin akwai dutsen tunawa da magoya bayan Dinamo da suka mutu a fagen fama, kuma rubutun jikinsa na nuna cewa a wurinsu yaƙi ya fara ne a wannan rana. Za ku ji masu sharhi na cewa shurin da ya tada yaƙi. Ni ban yarda da wannan ba, kuma tarihi na bayana. An ci gaba da buga gasar Yugoslabiya har kaka guda cur bayan nan, Dinamo da Red Star sun sake haɗuwa. Ba shuri ke sayo tankar yaƙi ba. Sannan ga abin da ba a cika faɗa ba: ɗan sandan da Boban ya tokara ba Basabiye ba ne, Musulmi ne ɗan Bosniya da aka turo aiki.

Abin da ya fi shurin muhimmanci shi ne abin da Arkan ya yi da yaransa. A Oktoba 1990 ya kafa rundunar sa-kai da aka fi sani da Damisoshi, kuma daga cikin 'yan kallon Red Star ya ɗebi na farko. Ku duba hikimar shaiɗancin. Ya tarar da matasa marasa aiki, sun riga sun saba taruwa, suna da waƙoƙinsu, suna da shugabanni, sun saba faɗa da 'yan sanda, sun san wa ake ƙi. Bindiga kawai ta rage. Waɗannan yara su ne suka yi kashe-kashe a gabashin Kuroshiya, suka kuma yi wa Musulmin garin Bijeljina na Bosniya kisan gilla a 1992. Duk wanda ya ga yadda ake ɗibar 'yan banga a lokacin zaɓe a ƙasar nan, a ba su ƙwaya da babur, bayan zaɓe a rasa yadda za a yi da su, ba ya buƙatar dogon bayani. Shi Arkan a wani otel na Belgrade aka harbe shi a Janairu 2000, kafin kotun duniya ta kai gare shi.

Su ma Sabiyawan da ke zaune cikin Kuroshiya, kusan kashi goma sha biyu cikin ɗari na jama'a, tsoronsu ba na banza ba ne. Sun ga an dawo da tambarin gidan dara ja da fari a tuta. Tambari ne mai ɗaruruwan shekaru, amma Ustasha ma sun yi amfani da shi, kuma tsofaffin da suka tsira daga Jasenovac na raye. Sabon tsarin mulki ya mayar da su 'yan tsiraru, aka fara sallamar su daga aikin ɗan sanda. Gidan talabijin na Belgrade kuma dare da rana yana gaya musu za a sake yanka ku. A Agusta 1990 suka tare hanyoyi da gungumen itace a kewayen garin Knin, daga baya suka ce sun kafa ƙasarsu, Krajina. Rigar gidan daran nan da muke sha'awa, tawagar Kuroshiya ta fara sa ta ne ranar 17 ga Oktoba 1990 a wasa da Amurka, tun ƙasar ba ta ɓalle ba. Sun sami tawaga kafin su sami ƙasa.

Watan Mayu 1991 kaɗai ya isa a yi fim. Ranar 2 ga wata aka kashe 'yan sandan Kuroshiya goma sha biyu a Borovo Selo. Ranar 8 Hajduk ta je Belgrade ta ci Red Star ɗaya da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, aka kori Stimac da Sinisa Mihajlovic da jan kati. Mihajlovic ɗin nan a Borovo ya tashi, ubansa Basabiye, uwarsa Bakuroshiya. Ranar 19 Kuroshiya ta kaɗa ƙuri'ar ɓallewa. Ranar 29 Red Star ta ɗauki kofin Zakarun Turai a Bari, ta doke Marseille ta Abedi Pele a bugun fenareti, da tawagar da ta haɗa Basabiye, Bakuroshiye, Bamasedone da Musulmi. Ranar 25 ga Yuni Kuroshiya ta ayyana 'yanci, sojan tarayya ya goyi bayan Sabiyawa, wuta ta kama.

Garin Vukovar an yi masa ƙawanya kwana tamanin da bakwai, aka mayar da shi kufai. Da ya faɗi ranar 18 ga Nuwamba 1991, aka kwashi mutum fiye da ɗari biyu daga asibitin garin aka kai su wata gona a Ovcara aka harbe. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar ya fita daga hannun gwamnati, aka kori Kuroshiyawan da ke ciki.

A nan ne labarin Modric ya shigo. Ƙauyensu, Modrici, yana gindin dutsen Velebit, arewa da birnin Zadar. Iyayensa na aiki a masaƙa, don haka yawancin lokaci yana wurin kakansa, wanda ya ci sunansa. Akwai ma wani tsohon bidiyo da wani mai ɗaukar fim ɗin namun daji ya yi, ana ganin Luka yana ɗan shekara biyar da sanda yana kora awaki a kan dutse. Ka cire sanyin wurin da launin fata, yaron rugar bayan garinku ne. A Disamba 1991 tsohon ya fita da dabbobinsa, mayaƙan Sabiyawa suka tare shi suka harbe, tare da wasu tsofaffin yankin da suka ƙi guduwa. Aka ƙone gidan. Iyalin suka gudu Zadar.

To a nan nake so mu tsaya, don nan ne rubutun Facebook ke tsallakewa. Ba a bar su a gindin bishiya ba. An sauke su a otel ɗin Kolovare da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, suka yi shekara bakwai a ciki. Ɗaki ne matsattse, wuta da ruwa na yankewa, rokoki na faɗowa a gari, amma akwai rufi da ƙofa. Makaranta ba ta mutu ba. Kulob ɗin garin, NK Zadar, bai rufe makarantar horar da yaransa ba. Idan jiniya ta yi kuka a gudu maɓoya, idan ta lafa a dawo fili. Yaron na buga ƙwallo a wurin ajiye motocin otel, aka lura da shi, aka kai shi kulob. Da Hajduk ta gwada shi ta ce ya cika ƙanƙanta, akwai koci, Tomislav Basic, da ya riƙe shi bai bari ya watsar ba, har Dinamo ta ɗauke shi yana ɗan shekara goma sha shida. Daga nan aro zuwa Zrinjski ta Mostar, sai Tottenham a 2008, sai Madrid a 2012.

Wahala ba ta koya wa kowa ƙwallo. Yara dubbai ne suka sha irin wahalarsa, ba mu san sunan ko ɗaya ba. Abin da ya fitar da shi, akwai tsani a wurin, kuma manya ba su bari yaƙi ya karya shi ba. Yanzu ku juyo gida. Yaron da aka kora daga ƙauyensu a ƙasar Maradun ko Bakura, ina yake sauka? Kango, ko ajin firamare, ko zauren ɗan'uwa a Mafara ko Gusau, da safe a miƙa masa roba. Bayan sace 'yan matan Jangebe 279 a Fabrairu 2021, da ɗaliban kwalejin noma ta Bakura a Agusta, da na Kaya a Satumba, rufe makarantu aka yi, har layukan waya aka katse. Ban ce babu dalili ba. Amma a Zadar ana ruwan rokoki ana zuwa atisaye, mu kuwa abin da ake fara rufewa shi ne na yara. Ƙwallon yamma a filin makaranta, wadda yara ke haɗa kuɗi su sayi leda, ita ce ta rage, kuma ba mai zuwa kallo da littafi a hannu. Saboda haka idan za ka tura wa ɗan gudun hijira hoton Modric ka ce ya yi haƙuri, ka haɗa masa da otel ɗin da kocin.

Sai ɓangaren da Kuroshiyawa ba sa son a taɓa. Wanda aka zalunta shi ma ya iya zalunci. A Bosniya, tsakanin 1993 da 1994, dakarun Kuroshiyawa suka juya kan Musulmin da suka fara yaƙi tare. A ƙauyen Ahmici sun kashe Musulmi fiye da ɗari a Afrilu 1993, suka rusa masallaci. A Nuwamba suka harbo tsohuwar gadar Mostar da Turkawa suka gina tun 1566. Ɗaya daga kwamandojinsu, Slobodan Praljak, shi ne ya sha guba a gaban alƙalai a Hague a 2017 da aka tabbatar masa da hukunci. Mu mun fi sanin Srebrenica, inda sojan Sabiyawan Bosniya ya kashe Musulmi maza kusan dubu takwas a Yuli 1995, amma Ahmici ma ta faru.

A Agusta 1995 sojan Kuroshiya ya kai farmakin da suka kira Guguwa, cikin kwana huɗu ya ƙwace Knin da kewaye. Sabiyawa tsakanin dubu ɗari da hamsin zuwa dubu ɗari biyu suka gudu, a kan taraktoci da amalanke, layi har iya ganinka. Tsofaffin da suka ƙi tafiya, an kashe ɗaruruwa, aka ƙone gidaje. Daidai abin da aka yi wa kakan Modric. Yau 5 ga Agusta ranar bikin nasara ce a Kuroshiya, a Sabiya kuma makoki ake yi. Kowa na ƙirga gawarsa shi kaɗai.

Wannan ma mun san shi. Zauna da manomin da aka kashe wa 'ya'ya a gona, aka sa wa ƙauyensa haraji kafin ya girbe abin da ya shuka, zai faro maka tarihi daga ranar da aka fara satar shanu da mutane. Zauna da Bafulatanin da 'yan sa-kai suka yanka wa uba a tsakiyar kasuwa ba tare da shari'a ba, zai faro daga wannan ranar. Ban daidaita ɗan bindiga da wanda ya kashe ba, mai laifi mai laifi ne. Ina magana ne kan yaran ɓangarorin biyu da ke tasowa yanzu, kowanne da rabin labari.

Da aka je Faransa a 1998, gasar da Garba Lawal da Tijjani Babangida suka buga mana ƙarƙashin Bora Milutinovic, wanda shi ma Basabiye ne, Kuroshiya ta lallasa Jamus uku da nema, ta zo ta uku, Suker ya ɗauki takalmin zinare da ƙwallo shida. Boban ne kyaftin. Tudjman na zaune a manyan kujeru, koci Miroslav Blazevic abokinsa ne kuma ɗan jam'iyyarsa. Ƙasar da aka sani da gawa a talabijin ta koma ƙasar da yara ke sayen rigarta. Amma ko shi Tudjman ƙwallo ta nuna masa iyakarsa. Ya ce sunan Dinamo na 'yan gurguzu ne, ya sa aka canza shi, daga ƙarshe ya koma Croatia Zagreb a 1993. Bad Blue Boys, waɗanda suka je fagen fama dominsa, suka ce ba su san zancen ba, suka yi shekaru suna rigima da shi. Ya mutu a Disamba 1999, kafin ƙarshen Fabrairu 2000 sunan Dinamo ya dawo.

Fatalwar 1941 kuwa ba ta bar filin ba. A Nuwamba 2013, bayan sun doke Iceland sun sami gurbin kofin duniya, ɗan bayansu Josip Simunic ya karɓi makirufo ya ja wa 'yan kallo kirarin Ustasha suna amsawa. FIFA ta dakatar da shi wasa goma, ya rasa gasar Brazil. A 2015 aka wayi gari da tambarin 'yan Nazi a zane kan ciyawar filin Split ranar wasa da Italiya, UEFA ta cire musu maki. Shi kansa Modric bai je Rasha a matsayin ɗan lele ba. Tsohon shugaban Dinamo, Zdravko Mamic, an yanke masa ɗaurin shekara shida da rabi a Yuni 2018 kan wawure kuɗin cinikin 'yan wasa, ya tsere Bosniya. Modric ya ba da shaida a shari'ar, aka tuhume shi da sauya magana, magoya baya suka riƙa zaginsa a bango har a Zadar. Daga baya kotu ta yi watsi da tuhumar. Wata guda bayan hukuncin Mamic, mutum fiye da rabin miliyan suka fito tarbar tawagar a Zagreb. Golan da ya kai su wasan ƙarshe da kaɗe fenareti, Danijel Subasic, ɗan Zadar ne, ubansa Basabiye.

Ranar 27 ga Nuwamba 2022, a Qatar, Kuroshiya ta haɗu da Kanada. Kyaftin ɗin Kuroshiya Modric ne. Mai tsaron ragar Kanada sunansa Milan Borjan. A Knin aka haife shi a 1987, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba daga ƙauyen su Modric. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka bi ayarin nan na Agusta 1995 suka gudu Belgrade, daga can suka wuce Kanada a 2000. A bayan ragarsa wasu magoya bayan Kuroshiya suka ɗaga ƙyalle mai hoton tarakta da sunan Knin da shekarar 95, suna yi masa ba'a da gudun da ya yi yana yaro. An kuma yaɗa lambar wayarsa, saƙonnin zagi suka yi ta shigowa. Kuroshiya ta ci huɗu da ɗaya. FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallonsu kuɗin Suwizalan dubu hamsin, gasa ta ci gaba, suka fitar da Brazil, suka doke Maroko suka karɓi tagulla.